Wata Bakwai Ina Ɓoye Ƙullutu a Ƙirjina

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku duka.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Rifkatu, matar Malam Ishaya mai koyarwa a firamare. A nan Birnin Kudu an fi sanina da Maman Alheri mai ƙuli-ƙuli. Shekara tara ke nan ina ba da waƙa a zumuntar mata. In aka yi rasuwa a ikilisiyar nan, ko a Surko, ko a Wurno, ni ake kira in ja waƙa. Na sha riƙe hannun matan da suka rasa mazajensu ina ce musu, "Yi haƙuri, Kirista ba ya tsoron mutuwa." Yau na tsaya in faɗa muku gaskiya: lokacin da nake faɗin haka, ban san nauyin abin da nake faɗa ba.

Bara, da shigowar bazara, ina wanka sai hannuna ya taɓa wani abu a nonona na hagu. Ɗan ƙullutu ne, bai fi ƙwayar gurjiya ba, kuma ba ya ciwo. Na tsaya da soso a hannu har kumfa ta bushe a jikina. Wadda ta faɗo mini a rai ita ce yayar mahaifiyata. Sankarar nono ce ta kashe ta ina 'yar shekara goma sha biyu, kuma ni nake kai mata kunu ɗaki. Na ga yadda ta ƙare. Ban taɓa mantawa ba.

Na fito na ɗaura zani, na ɗora tuwo. Ban gaya wa kowa ba, har Malam.

Ana cikin haka wata ƙawata ta turo mini wa'azin wani mutum a waya. Ban san shi ba, ban san garinsu ba. Cewa yake an nuna masa a wahayi duniya ba za ta wuce kakar bana ba, har rana ya faɗa. Ya lissafo yaƙe-yaƙe, da ambaliya, da tsadar abinci, da satar mutane, ya ce alamu sun cika. Fasto ya sha gaya mana daga wannan bagade cewa ba wanda ya san ranar nan. Na sani sarai. Amma mai ciwo a ɓoye, duk abin da ya ji sai ya ɗauka da shi ake. Ina suyar gyada ina saurare, ina murza ƙuli-ƙuli ina saurare.

Zuciyata ta rabu biyu. Rabi na cewa, gara ma duniyar ta tashi, kowa ya tafi tare, kada a sa mini wuƙa, kada 'ya'yana su ga abin da na gani. Ɗaya rabin kuma na rawa yana cewa, in aka busa ƙaho yau, yaya za a same ki? Mai waƙa da baki, zuciya cike da tsoro. Na fara ganin kaina munafuka. Na ce tunda ina tsoro haka, ashe ban taɓa ba da gaskiya ba.

Na rame. Na daina shiga mota don tsoron haɗari, ko gidan mahaifina a ƙasar Gwaram na daina zuwa. Da aka yi rasuwa a Surko, na ce maƙogwarona ke ciwo. Ku gafarce ni, mata, ƙarya na yi muku. Ba zan iya kallon akwatin gawa ba ne. Malam ya tambaye ni sau ba adadi, "Maman Alheri, me ke damunki?" Sai in ce masa hayaƙin suya ne.

Wata rana wajen ƙarshen damina, da la'asar, muna tsakar gida ni da maƙwabciyata Inna Uwani. Musulma ce, tsohuwar ungozoma, tare muke sana'ar man gyada shekara da shekaru. Mun baza soyayyar gyada a tabarma tana shan iska, mai kuma na kan wuta. Sai hadari ya taso daga gabas, irin wanda ban taɓa gani ba. Sama ta yi ja, ta koma baƙa, kaji suka shige akurki. Aka yi wata tsawa da ta girgiza kwanon ɗaki.

Na ce shi ke nan, ranar ta zo. Ni da nake waƙar cewa za mu tarye shi da murna, sai ga ni a durƙushe bayan turmi, na rufe kai da gyale ina ihu, "Kada yanzu, Ubangiji, kada yanzu!"

Sai na ji an dafa kafaɗata. Inna Uwani ce. Ta ce, "Ke Maman Alheri, ruwa ne fa. Tashi mu kwashe gyadar nan."

Muka kwashe, muka sauke mai, muka shige rumfa. Ruwa na zuba, ita kuwa tana kallona. Can ta ce, "Shekara nawa muke tare, tsawa ba ta taɓa kai ki ƙasa ba. Ba hadarin nan ne ya firgita ki ba. Me kike ɓoyewa?"

Na kama hannunta na ɗora a wurin. Ta taɓa a hankali, sannan ta ce, "Tun yaushe?" Na faɗa mata. Ta yi salati. Ta ce, "Wannan ba aikin jiƙo ba ne, ba kuma aikina ba ne. Asibiti za ki. Ajali na hannun Allah, amma Allah bai ce a zauna a kan ciwo ba. Kin gaya wa mijinki?" Na girgiza kai. Na roƙe ta kada ta faɗa. Ta ce, "Na ba ki kwana kaɗan. In kin ƙi, ni zan tare shi a ƙofar gida."

Kafin kwanakin su cika aka aiko daga ƙauyenmu, kusa da Kwandiko, cewa jikin Baba ya tsananta. Mahaifina, Baba Dauda, tsohon mai bishara ne, zuciyarsa ta daɗe tana ba shi wahala. Dole na shiga motar da nake gudu.

Na same shi da hantsi a gindin darbejiya, kan gadon kara, ƙafafunsa sun kumbura. Muka gaisa. Ya dube ni ya ce, "An ce ni ne marar lafiya, amma ke kika fi zubewa." Daga nan ya shiga gaya mini inda yake so a binne shi, da wanda za a ba kekensa, kamar mai shirin zuwa kasuwar Sara. Na kasa daurewa. Na ce, "Baba, kai ba ka jin tsoro?"

Ya ce, "Na me?"

Na ce, "Na mutuwa."

Ya yi 'yar dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Ranar da likita ya gaya mini halin da zuciyata ke ciki, sau uku na zaga bayan gida kafin azahar. Ni da na binne mutane fiye da yadda zan iya tunawa. Rifkatu, wa ya ce miki tsoro rashin bangaskiya ne?"

A nan na fashe da kuka. Na gaya masa komai, ƙullutun, da wa'azin waya, da abin da ya faru bayan turmi.

Bai yi mini faɗa ba. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Ubangijinmu kansa, a lambun nan kafin a kama shi, ba dariya ya yi ba. Gumi ya yi, ya roƙi Uba in da hali a ɗauke masa. Bai ma ɓoye wa abokan tafiyarsa ba, ya ce su zauna kusa da shi. Shi ya kai tsoronsa wurin Uba, ke kin kai naki ƙarƙashin zani. Iyakar bambancin ke nan."

Na ce, "To maganar tashin duniya fa, Baba?"

Ya ce, "Da kunnena sau uku na ji an yanka wa duniya rana. A ta farko ina saurayi, wani maƙwabcinmu ya sayar da jakinsa ya ci nama, wai ba ya buƙatarsa kuma. Da kaka ta yi, namu ya zo aro. Ranar tana zuwa, ba shakka. Amma wanda zai zo ɗin ba baƙo ba ne. In Ishaya ya yi tafiya aka ce miki yana hanya, ɓuya kike yi ko shara?"

Na yi dariya hawaye na zuba. Rabona da dariya tun bazara.

Ya ce, "Yi addu'a. Kada ki yi irin ta gaban taro. Gaya masa abin da kika gaya mini."

Na durƙusa a bakin gadon, hannunsa na kaina. Na ce, "Yesu, ina tsoro. Ina tsoron wuƙa, ina tsoron kabari, ina tsoron barin Alheri da ƙannenta, ina tsoron zuwanka. Na yi waƙar da ban riƙe ba. Ga ni yadda nake. In rai ne, ka riƙe ni. In mutuwa ce, ka riƙe ni." Iyakar abin da na iya ke nan.

'Yan'uwa, ban ga haske ba, ban ji wata murya ba. Da na taɓa wurin, ƙullutun na nan. Amma na ji kamar an sauke mini buhun gyada daga ka. Na ja numfashi har ƙasan cikina. Na ji yunwa! Matar wana ta kawo tuwon dawa da miyar yakuwa, na cinye malmala biyu, Baba na kallona yana murmushi.

Da na dawo gida na tarar da Malam yana gyaran babur a ƙofar gida. Na ce ya shigo, ina da magana. Da na gama sai ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Wata bakwai, Rifkatu? Muna ɗaki ɗaya?" Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba haƙuri nake nema ba. Gobe da safe ki shirya."

Washegari muka je asibiti, Inna Uwani ta ce ƙafarta ƙafata. Likitar mace ce, ba ta raga mini ba. Ta ce, "Baiwar Allah, in mugun ne, watannin nan da kika zauna su ne za su kashe ki, ba ciwon ba." Aka ɗebi ɗan abin aka aika Kano gwaji, aka ce mu dawo bayan mako uku.

Ba zan ce muku tsoro bai sake zuwa ba. Ya zo. Amma yanzu in ya zo, sai in ce wa Malam, "Ga shi nan ya dawo," mu riƙe hannu mu yi addu'a, in koma kan aikina. A cikin makonnin nan ne ranar da mutumin waya ya yanka wa duniya ta zo ta wuce. Ban ma lura ba, ina wurin inji ina jiran a niƙa mini gyada. Sai bayan kwana biyu na tuna.

Ranar sakamako, likita ta buɗe takarda ta dube ni ta ce, "Ba sankara ba ce. Ƙari ne marar illa, za mu cire shi." Malam ya zame daga kujera ya durƙusa a ofishin mutane. Inna Uwani na bakin ƙofa tana ta hamdala. Ni kuwa kuka kawai nake. Yabo ga Ubangiji! Aka yi mini 'yar tiyata, kwana biyu aka sallame ni.

Baba ya ji labarin da kunnensa. Bayan an gama girbin dawa ya tafi gida wurin Ubangiji, da safe, ina riƙe da hannunsa. Na yi kuka sosai, har yanzu ina kewarsa. Amma na tsaya har aka rufe shi, ban gudu ba.

To, in wani ya tambaye ni yau ko Kirista na tsoron mutuwa da ƙarshen duniya, zan ce masa wannan Kiristar dai ta ji tsoro, har ta ɓuya bayan turmi. Kuma Yesu bai kore ni saboda haka ba. Ku lura, ba ranar sakamako ya 'yantar da ni ba. Tun a gindin darbejiya ya yi, lokacin da ban san ko zan rayu ba.

Na gode wa Allah da ya ba ni rai, ya kuma ba ni salama kafin ya ba ni lafiya. Na gode wa mijina, da maƙwabciyata da ta ƙi rufa mini asirin da zai cuce ni.

Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko kuna cikin tsoro. Mata kuma, in akwai wadda ke zaune a nan da wani abu a jikinta ko a zuciyarta, ta yi shiru don kada a ce ba ta da bangaskiya, ta same ni a bayan coci in an tashi. Za mu yi addu'a tare. Ranar Litinin kuma ba na suya, ni zan raka ta asibiti.

Cikin sunan Yesu. Amin.