Gayyatar da Ta Tsaya Hannun Mutum Guda

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu sarakuna da ardo-ardo, malamanmu, manoman Kamarawa da makiyayan da ke maƙwabtaka da su, uwaye mata, jama'a baki ɗaya, barkanku da zuwa. Ni ce Basira, mai koyar da kwamfuta a Isa, kuma na gode da kunka ba ni damar tsayawa gabanku.

Kun san abin da ya tara mu. An kira zaman shata burtali kafin damina, manoma sunka zo, makiyaya ba su zo ba. Tun ran nan Malam Maliki, sakataren manoma, ya ce an raina su, ba su ƙara zama, gero za su shuka har kan hanyar shanu. Zayyanu wakilin makiyaya kuwa sai rantsuwa yake bai ga gayyata ba. Anka ce in duba manhajar aika imel ta ƙungiyar da ta kira zaman, na kuwa duba.

Na farko, Malam Maliki bai yi ƙarya ba. Ya miƙo mani wayarshi ya ce, "Malama, ga sunan Zayyanu nan raɗau a saman wasiƙa, ƙasan nawa!" Haka ne, yana nan.

Na biyu, Zayyanu ma bai yi ƙarya ba. Cikin manhajar ga akwai wani ɗan aike, mu masu sana'ar muna ce mashi laburare, shi ke kai saƙo. Ɗan aiken ga babu ruwanshi da sunayen da anka jera a saman wasiƙa. Adireshin da anka damƙa mai shi ya sani, kuma so yake a damƙa mai su ɗaya bayan ɗaya, kowane da gurbinshi. To sai anka haɗe su duka a layi guda, anka raba da waƙafi, anka ba shi. Kamar a ƙunshe goron gayyatar gari a ganye guda ne. Gogan naku ya kai ma na farko, ya kakkaɓe hannu. Na farkon nan Malam Maliki ne, daga bakinshi sauran manoma sunka ji. Zayyanu da ke rugga fa, wa za shi gaya mai?

Na ukku, an gyara. Kowane adireshi ya samu gurbinshi, mun gwada da safen ga, wayar Zayyanu ta yi ƙara a gabana.

Amma ba za ni ɓoye maku ba, abin ya yi mani ciwo. Mutanen da kakanninsu sunka yi musayar nono da gero, a ce sun daina gaisawa, ba wanda ya taka ya tambayi ɗan'uwanshi! Zato zunubi ne, jama'a, ko da ya zama gaskiya, balle wanga da bai zama ba.

Baba Maliki, hadari ya fara haɗuwa gabas, iri kuma na hannunka. Ga Zayyanu nan zaune. Bai ƙi zuwa ba, kiran ne bai kai gare shi ba. Don Allah ka kira shi yau da bakinka, gaban jama'ar ga.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare gona, shi tsare garke, shi maida kowa gida lafiya. Na gode.