Wata Huɗu Ina Sa Rigar Aikin Da Aka Sallame Ni

'Yan'uwa, gaisuwa cikin sunan Yesu. Abin nan ya yi mini wuya, faɗinsa ma wuya yake yi mini.

Sunana Ishaya. Shekara tara ina tuƙa motar wani kamfanin ruwan leda a nan Azare, ina kai kaya Giade da Itas. Rana ɗaya aka sayar da motar, aka sallame ni. Ban gaya wa matata ba. Kullum da safe sai in sa rigar kamfani in fita. Wata huɗu ina haka, ranar Lahadi kuma ina nan gaba ina rera waƙa tare da ku.

Laburare nake zuwa in ɓuya. Akwai fanka, kuma ba mai tambayarka. Ni da na tsaya a aji biyar na firamare, sai in buɗe jarida in zauna kamar wani lauya.

Ana nan aka ba laburaren tallafi, aka kawo kwamfutoci da intanet kyauta domin marasa aikin yi. Sharaɗi ɗaya ne, ka rubuta sunanka a rajistarsu. Na ƙi. Malam Buba, mai kula da wurin, ya dube ni ya ce, "Malam Ishaya, wane irin direba ne kullum yana nan, motar ba ta nan? Zo, ana neman direbobi, mu cika maka takardar neman aiki."

Ya ce sai ya buɗe mini imel, kuma za a turo wasu lambobi ta waya. Tawa na riga na sayar. Ba tunani na ba shi lambar matata. Ya ce, "To, kira ta ta karanto mana."

Na ce masa ina zuwa. Na fita bayan ginin, gindin bishiyar maina, na ce, "Ya Yesu, na gaji da ƙarya. Ba aiki nake roƙo ba yanzu, ka ba ni bakin da zan gaya wa matar nan."

Na koma gida na same ta tana tsince shinkafa. Na faɗa mata duka, ban iya kallonta ba. Ta ce, "Baban Rahila, wata huɗu ina wanke rigar nan, babu bakin mai ko ɗigo. Ka ɗauka ni makauniya ce? Ina ta addu'a ne ka faɗa da bakinka."

Na yi kuka, ƙato da ni.

Aiki dai har yau ban samu ba, ina jira. Amma Ubangiji ya fid da ni daga ƙarya, na gode masa. Mai ɓoye irin nawa, ka dogara gare shi ka je gida ka faɗa.

Washegarin ranar da na faɗa wa matata, na sa tsohuwar shaddata, ta miƙo mini wayarta. Na je na ce wa Malam Buba ya ba ni rajistar, na rubuta sunana da hannuna.