Na Share Abin da Ba Shara Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro baki ɗaya. 'Yar'uwarku ce daga Al-Badi'a, nan Riyadh.

Da maigidana ya samu ijaza, wato hutu, a wurin aiki, sai ya kai ni tsibirin Bali na Indonesiya yawon buɗe ido. Mun ga teku, mun ga gonakin shinkafa hawa-hawa a jikin tsauni. Amma ba wannan ya sa na rubuto ba.

Mun sauka a gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗakuna. Kullum da sassafe sai in tarar da 'yan kwanduna na ganye a ƙofar gida, da furanni da 'yar shinkafa a ciki. Na zaci wasan yara ne. Tun a makarantar allo an koya mana kawar da shara daga hanya lada ne, sai in ɗauki tsintsiya in share tas.

Ranar da za mu taso, direban da ke zagayawa da mu ya ce, "Hajiya, kwandunan nan da kike sharewa kayan ibadarsu ne fa. Da hannunta tsohuwar take saƙawa."

Na ce, "To me ya hana ta magana?"

Ya ce, "Ta ce ke baƙuwa ce mai son tsafta. Sai ta jira ki gama, ta ajiye wasu."

Kunya ta hana ni kallon idonta, har muka shiga mota ban ba ta haƙuri ba.

Malam, addininta ba nawa ba ne, amma ta mutunta ni, ni kuwa na zubar mata da kaya a bola. Ya halatta in rubuta mata ban haƙuri? Don Allah a amsa mini da wuri. Tsohuwa ce, ba na so in makara.