Ƙuri'u Talatin da Bakwai na Malam Tasi'u

Assalamu alaikum. Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu na Kabo da Gwarzo, Allah ya gafarta muku. Hajiya Badi'a mai ɗakin marigayi, da babban ɗansa Ja'afaru, sannunku da haƙuri. Ni ne Datti, maƙwabcinsa a nan Durun.

Ina kallonku, 'yan jam'iyyarmu a gabas, 'yan ɗaya jam'iyyar a yamma, kowa ya ɗaure fuska. A wajen sadakar arba'in fa!

Malam Tasi'u ya kasance malamin firamare shekara ashirin da shida. Ya kasance ko ɗan cikinsa bai taɓa ƙara wa maki ba. Ya kasance in ya ce a'a, ko birgima za ka yi, a'a ɗin ce. Shi ya sa muka yi murna da aka ba shi aikin kula da rumfarmu a zaɓen shugaban ƙasa, sai da a'a ɗin ta faɗo kanmu.

A gaban kowa ya ware ƙuri'u talatin da bakwai, ya ce sun lalace, tawada ta hau jam'iyya biyu. Muka faɗi rumfar da ƙuri'a tara. Muka ce ya sayar da mu. Muka daina ba shi hannu a masallaci. Hajiya, har sunan jikarki matanmu suka ƙi zuwa.

Yanzu magana tana kotu a Abuja. Lauyoyinmu na neman a sake ƙirga, na can sun ce ba mai taɓa akwati, an ɗage zama sau uku. A takardar ƙararmu an rubuta wai shi ya ɓata ƙuri'un da babban yatsansa. An sa masa Alhamis mai zuwa ya je ya kare kansa, sai kiran Allah ya riga na kotu.

To, ku saurara. Ni na bi tsofaffin unguwarmu gida gida ina cewa, "Kuna dangwalawa ku ninke sau huɗu kamar laya, kada wani ya leƙa." Suka ninke tun tawada ba ta bushe ba. Da na je duba shi yana kwance, ya riƙe hannuna ya ce, "Datti, na gane ninkin nan. Ba zan tona ka ba, bakinka ya kamata ya faɗa." Na yi shiru har aka binne shi. Kunya nake ji, wallahi.

Alhamis zan tafi Abuja. 'Yan jam'iyyata, na ga harararku, ku yi ta yi. Ja'afaru, mahaifinka bai ci amanar kowa ba. Hajiya, ki yafe mini in za ki iya.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Malam Tasi'u, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya kai ni Alhamis, kada bakina ya sake mutuwa a gaban alƙali.