Na Wuce Mama Laraba Ban Durƙusa Ba

Barka da aiki, mai gabatarwa, ina kuma gaida masu sauraro. Sunana Rifkatu, 'yar Kaduna, ina aikin jinya a garin Lanham, nan ƙasar waje.

Ranar Asabar na shiga ƙaramar gasar nan mai kashi uku: iyo, tseren keke, sannan gudu. Shekaruna arba'in da shida, kuma wata bakwai na yi ina koyon iyon. Ina cikin gudun ƙarshe, numfashina na neman ɗaukewa, sai ga Mama Laraba, dattijuwar cocinmu, a bakin hanya ta zo kallon jikanta. Na ɗaga mata hannu na wuce, ban tsaya na durƙusa ba.

Kafin in isa gida ta tura hotona da matsattsun kayan gasa zuwa wayoyin matan coci, ta rubuta: "Ku ga kwaɗo an ɗure a leda, ko gaisuwa babu." Suka yi ta dariya, har da aminiyata. 'Yata, haihuwar nan, ta zo tana tambayata mene ne kwaɗo.

Ni nake auna wa Mama jini kyauta duk Lahadi bayan sujada. Lahadin nan ma za ta miƙo mini hannu kamar ba komai. Ku ba ni shawara: in durƙusa in auna, ko in ɗaga mata hannu in wuce?