Ƙofar da Muka Rubuta Sunayenmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Sunana Injiniya Sabo, daga unguwar Mansura a Doha.

Na tsufa ina kula da lantarki a tsohon babban zauren baje koli na garin nan. Duk baje kolin da aka yi a ciki, na littattafai ko na motoci, mu muka haska shi. Muna da al'ada, duk wanda zai bar aiki sai ya rubuta sunansa da garinsu a bayan ƙofar ɗakin wuta. Akwai Indiyawa, akwai 'yan Sudan, akwai abokina Iliya mutumin Jos.

Iliya ya rasu bara. Matarsa ta kira ni ta ce, "Malam Sabo, don Allah ɗauko min hoton rubutun nan. Kullum yana ba yara labarinsa."

Na je. An gyara zauren tsaf, an kafa allon tarihinsa, har ƙasar da aka sayo duwatsun daɓe an rubuta. Na roƙi mai gadi ya kai ni ɗakin wuta, sai na tarar da sabuwar ƙofa. Na tambaye shi ina tsohuwar ƙofar, ya ce, "Halas, shi ke nan, baba, tana bola."

Da karatuna da komai, ban san dutse ya fi mu daraja ba sai ranar.

Sau uku matar Iliya tana kirana ban ɗauka ba. Jama'a ku ba ni shawara: in faɗa mata gaskiya, ko in ce an hana ni shiga?