Robar da Na Raina

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Mai Cetonmu. Da ana mai da rana baya, da na mai da ranar da na janye ƙanena Dauda daga hannun likita a Magaria.

Manoman gyaɗa ne mu a wajen Bande. Bayan shekarun fari Dauda ya soma wata irin tafiya. In mun kama hanyar gona sai ya tsaya gindin wani gawo, ya riƙe sharaɓarsa har ciwon ya sake shi. Ina yi masa tsiya wai tsufa ya tsallake ni ya kama shi.

Da muka je asibiti, likita ya ɗaura masa wata roba a dantse, ya hura mata iska, ya saurara da abin kunnensa. Ya sake ɗaura ta a ƙwauri, ya lalubi bugun jini a bayan ƙafa, bai ji ba. Ya ce jijiyoyin jini sun taurare sun tsuke, jini ba ya isa ƙasa sosai. Ya hana shi tauna taba da kanwa, ya ce kada aska ta taɓa ƙafar, kuma mu wuce Damagaram.

Raina ya ɓaci. Ba allura, ba a ga jini ba, roba ce za ta san cikin mutum? Dauda ya ce, "Yaya, mu dai bi maganarsa." Na ce ni ne babba, mataccen jini ne, ƙaho zai fid da shi.

Wanzamin garinmu ma sai da ya ja baya. Ya taɓa ƙafar, ya ce sanyi gare ta kamar randa. Na matsa masa, ya tsaga.

Tsagar ba ta warke ba. Yatsu suka yi baƙi. Kafin a cire gyaɗa muka binne Dauda. Har ya cika bai ce mini "kai ne" ba, wannan kuwa ya fi mini ciwo.

Bara, a hanyar gonar nan, sharaɓata ta ɗaure. Ina ɗaga kai, ga ni gindin gawon nan nasa. Na durƙusa ina kuka, na ce, "Ubangiji, girman kaina ya ci ƙanena. Ka gafarta mini, kada ya ci ni."

Fasto ya raka ni asibiti. Robar nan dai aka ɗauko, na miƙa hannu, na miƙa ƙafa. Ciwonmu ɗaya, amma nawa bai yi nisa ba. Na yar da battar taba, ina shan magani. Ban warke sarai ba, amma da ƙafata na zo sujada yau. Yabo ga Ubangiji!

Ku dogara gare shi, kuma ina roƙonku kada ku yi irin tawa. In an ɗauko robar, ku miƙa hannu. Ni an bar mini ƙafata, sai dai ni kaɗai nake wuce gawon nan.